Mun Sayar da Magani, Mun Sayi Magani

Mu masu lambu ne. Gidanmu yana ƙasar Bebeji, ba nisa da madatsar ruwa ta Tiga. Tun da aka gama madatsar nan a shekarar 1974 muke noman rani. Mukan shuka tumatir, da albasa, da alayyahu. Kowane mako mukan ɗaure alayyahu dami-dami, 'yan sari su kwashe zuwa Kano, wani lokaci kuma mu kai kasuwar Kafin Maiyaki ta ƙasar Kiru. Amma abin kunya, tukunyarmu ba ta cika ganinsa ba. Mu dai tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, safe da dare. A ganinmu alayyahu kayan kasuwa ne kawai.

Bara matar ɗanmu ta sami ciki na fari. Da cikin ya kai wata 6, sai ta riƙa gajiya, tana jin jiri, in ta ja guga biyu sai haki. Muka ce laulayi ne, zai wuce. Ran wata Lahadi muna tsaye cikin sujada, sai ta yanke jiki ta faɗi. Matan zumunta suka tallabe ta, muka kai ta asibiti.

Ungozoma ta duba cikin idonta da tafin hannunta, ga su fari fat. Ta auna jininta, sa'an nan ta ce, "Baba, Mama, jinin yarinyar nan ya yi ƙasa ƙwarai. In ta haihu a haka, ko jini kaɗan ta zubar, ranta yana cikin hatsari." Ta ba ta maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ta kuma tambaye mu abin da muke nomawa. Da muka faɗa mata, ta ce, "Ashe abin da jikinta yake nema shi kuke ɗora wa mota kowane mako." Maganar nan ta shige mu, muka rasa amsa.

Ga abin da muka koya. Alayyahu yana da sinadarin ƙarfe, wanda jiki yake yin jini da shi. Yana da sinadarin folik, wanda mai ciki da ɗan tayi suke bukata. Yana da abin da jiki yake mayarwa bitamin A, mai tsare ido daga dundumi, yana kuma taimakon yara su jure ciwo. Amma kada kowa ya ce ganye ya isa ya warkar da mai ƙarancin jini. Zazzaɓi da tsutsar ciki su ma suna cin jini. Dole mai ciki ta je awo, ta sha maganin da aka ba ta, ta kwana cikin gidan sauro, ta ci wake, da hanta, da kifi in ya samu.

Yadda ake dafa shi ma abin lura ne. A wanke ganyen sarai kafin a yanka, gama in an yanka aka wanke, amfaninsa yakan bi ruwa. A zuba shi daga ƙarshe, sa'ad da miya ta kusa nuna, minti 5 ya isa. Kada a sa kanwa, domin tana kashe waɗansu bitamin. A sa ɗan manja ko man gyaɗa, gama sai da mai jiki yake iya karɓar bitamin A sosai. Tumatir ko ɗan lemun tsami yana taimakon jiki ya sha ƙarfen, shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a jinkirta shayi bayan cin abinci. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya nemi shawarar likita kafin ya yawaita ci.

Yanzu muna sa shi a miyar taushe da kabewa da gyaɗa, a faten wake, a faten tsaki, har da dambu. Yaro in ya cika wata 6, a niƙa masa kaɗan cikin abincinsa, ana ci gaba da ba shi nono.

'Yan'uwanmu na Tudun Wada da Doguwa suka ce mana, ai ba kowa yake da ruwan Tiga ba. Gaskiya ne. Amma zogale, da rama, da yakuwa, da tafasa duk suna kewaye da mu. A tsinka da damina, a shanya a inuwa, a adana domin rani. Ɗan fili kuma a bayan ɗaki, in ana ba shi ruwa, cikin wata guda ko fiye kaɗan za a fara yankan alayyahu.

Mun sha karanta labarin Daniyel da abokansa, waɗanda suka ci kayan lambu kwana 10, aka same su sun fi masu cin abincin sarki kyan jiki. Ba mu taɓa tunanin labarin ya shafi tukunyarmu ba.

Matar ɗanmu ta sauka lafiya, an sami 'ya mace, mun gode wa Ubangiji. Tun daga ran nan muka yi doka a gidanmu: damin fari na madafa ne, sauran na kasuwa. Ku iyaye maza masu riƙe da lambu da kuɗin cefane, ku duba tukunyar gidanku yau. Allah ya ba mu hikimar amfani da abin da ya ba mu. Amin.