Rumfar Mota Ta Zama Wurin Sassaƙa



Gidan da nake haya a unguwar Al'ud, cikin birnin Riyad, yana da wata rumfar kwano a bakin ƙofa, wadda aka yi domin ajiye mota. Ni ma dā ina da wata tsohuwar mota a cikinta. Da ciwon mahaifiyata ya tsananta can gida, sai na sayar da ita, na aika da kuɗin magani. Rumfa ta zauna fayau, ba mai shigarta sai kyanwa da ƙura.

Ran nan ina biya wa yaranmu karatu, sai na lura ashe babu ɗayansu da ya taɓa riƙe allo. Na tuna nawa na icen aduwa, wanda na wanke ya fi a ƙirga. Na ce a raina, ga rumfa, ga hannu, me ya rage?

Na tafi wurin mai gidan, na nemi izini. Ya yarda bisa sharaɗi biyu, watau kada a ji ƙarar zarto da tsakar rana ko bayan lisha, kuma in riƙa share garin katako kullum saboda gobara. Na toshe gefen rumfar da tsofaffin falankai, na bar kafa daga sama domin iska, gama zafin bazarar Riyad yakan wuce digiri 40. Na kafa benci, na sayo zarto da guduma da magagari na hannu, na rataye su a bango.

Allunan fari guda shida duk suka tsage kafin mako ya zagayo. Wani tsohon kafinta Balarabe ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ɗanyen ice ka sassaƙa, iskar Najadu kuwa busasshiya ce, ta zuƙe ruwansa farat ɗaya. Kakanninmu sai sun shanya icen asal a inuwa kafin su yi ƙofa da shi." Na bi maganarsa, na baya ba su tsage ba.

Amma abin da ya fi tsagewar allo ciwo shi ne maganar wani mutumin garinmu. Ya iske ni buɗu-buɗu da garin katako, ya ce, "Haba Malam, ai ka zubar da girman rawani!" Wallahi kwana uku ban taɓa zarto ba don kunya.

Rana ta huɗu hanya ta bi da ni ta gefen maƙabartar Al'ud. A nan aka binne Sarki Abdul'aziz cikin 1953, da Sarki Faisal cikin 1975, da Sarki Abdullahi cikin 2015, ba ƙubba, ba suna a kan kabari. Na tsaya na ce, in sarakuna haka suke kwance, wane girma ne nawa da garin katako zai ɓata? Sa'an nan na tuna ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne. Da la'asar na koma rumfata.

Yanzu kowane almajirina yana da allonsa, kuma ina yin abin ɗora Alƙur'ani ina sayarwa. Da ribar nake ƙara wa tsohuwa kuɗin magani, ban miƙa wa kowa hannu ba.

Saboda haka, samarin zango, ku haɗa karatu da sana'a, gama guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku kuma iyayenmu, in kun ga malami da zarto, ku sa masa albarka, kada ku kunyata shi. Allah ya ba mu abin yi na halal, amin. Wassalam.