Zangon Raƙumi, Zangon Mota: Waiwaye a Hanyar Tawa Zuwa Agadas

Tsakanin Tawa da Agadas kilomita 400 ne da ƴan kai, kuma tun da ake bin hanyar nan ba a taɓa yin matafiyin da ya zaɓi wurin tsayawa don ganin damarsa ba. Abin hawansa ke zaɓa masa. Shi ya sa idan na ji samarinmu da suka yi karatu waje suna gardama a kan motoci masu lantarki, wannan na cewa a kafa na'urar caji mai sauri a kowane kilomita 60 kamar yadda Tarayyar Turai ta sa doka a 2023, wancan na cewa 80 kamar yadda Amurka ta tsara wa manyan hanyoyinta, sai in ga ai gardamar tsohuwa ce. Kakanninmu sun yi ta a kan raƙumi da jaki da takarkari, ba kuwa da awon kilomita suka raba ta ba.

Kafin zuwan mota, gishirin Tigidda da dabinon Ingal da kantun Bilma duk a bayan dabba suke saukowa kasuwannin Adar, a koma da hatsi da tufafi. Ayari mai kaya yakan ci kilomita 30 zuwa 40 a yini, wato daga Agadas zuwa Tawa kwana goma sha wani abu ke nan. Madugu ba ya lissafin zango da amalen da ya fi kowa ƙarfi. Da raƙumin da ya yi gyambo a baya yake lissafi, da jakin da aka labta wa kaya fiye da kima, don inda mai rauni ya durƙusa nan ayari duka zai kwana. Lissafin kuma yana juyawa da shekara. Da damina tabkuna sun cika, ko'ina zango ne. Da bazara tabki ya zama tsattsagaggen laka, sai rijiya mai zurfi, kuma wanda ya wuce ta da salka rabi ya san abin da ya ɗauko wa kansa.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin rijiyar Azawak da rani ba zai ɗauka isa ruwa shi ne shan ruwa. Ina! Rijiyar tana da zurfin da mutum ba ya jawo wasaki da hannu. An kafa itace mai rassa biyu a bakinta, igiyar fata na gudu a kansa, an ɗaura ƙarshenta ga sa ko raƙumi, yaro ya kora dabbar ta yi nisa har ta ƙanƙance a ido, sannan wanda ke bakin rijiya ya ƙwala masa kira ya tsaya. A juye wasaki a komi, shanu su yi caa a kai, yaro ya juyo da dabbar a sake. Haka za a yini. Rijiyar da ke da itatuwa huɗu a baki tana shayar da garke huɗu lokaci guda, mai itace ɗaya kuwa baƙo na iya kwana yana jiran masu ita su gama. Don haka abin da madugu ke tambaya kafin ya nufi wata rijiya ba ko akwai ruwa ba ne kawai. Yana tambayar ta wace ce, mutum nawa ke ja a lokaci guda, kuma ana kwana lafiya a wurin.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 hukuma ta shiga haƙa rijiyoyin burtsatse a yankin makiyaya, ta ɗora musu injin gazuwal, ruwa na kwarara kyauta ba ja ba wahala. Niyyar mai kyau ce. Amma ruwan sauƙi ya kira garkunan da ba su taɓa zuwa wajen ba, ciyawar da ke kewaye ta ƙare tun rani bai yi nisa ba, har wasu makiyaya da wurin yake nasu tun asali suka roƙi a rufe injin. Da farin 1973 da 1974 ya zo, dabbobi da yawa ba ƙishirwa ta kashe su ba, yunwa ce, a kusa da ruwa. Ga kuma ranar da injin ya lalace ko gazuwal ya yanke: dubban dabbobi sun taru a wurin da babu wata rijiya kusa. Ina ganin duk wanda zai zana taswirar wuraren caji ya kamata a fara ba shi wannan labari. Inda ka kafa mashaya, ka canja wa jama'a hanya, kuma ranar da ta tsaya wuyanka ne.

Sai zamanin uraniyom. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adini a Arlit a 1971, na COMINAK ya biyo baya a 1978, kuma a mulkin Seyni Kunce, daga 1976 zuwa wajen 1980, aka shimfiɗa gudron daga Tawa zuwa Arlit, sama da kilomita 600. Kafin nan motocin Berliet da Land Rover ke fama da rairayi, kowace da tano biyu ko uku na mai a baya, da farantan ƙarfe na fid da taya idan ta kafe. Gudron ya mai da tafiyar makonni ta yini ɗaya. Kamiyoyin kamfanin sufuri na SNTN suka riƙa sauko da uraniyom su bi ta Ƙonni da Doso da Gaya har Paraku, inda jirgin ƙasa ke kai shi Kwatano. Mu da muke yara a Tawa, a bakin hanya muke tsayawa muna ƙirga tayoyi.

Abin lura shi ne, ba injiniyan da ya ce ga inda mota za ta tsaya, amma ta tsaya inda raƙumi ya saba. Tabalak, kilomita 50 daga Tawa, ga tabkinta da ba ya saurin ƙafewa. Kafin direba ya gama taka birki mata sun kewaye tagogi da farantan soyayyen kifi, karfasa da tarwaɗa, an barbaɗa yaji, an naɗe a takardar buhun siminti. Abalak kuwa, wajen kilomita 135, nan ne zango na gaskiya. Fasinja na cewa, "Direba, lokaci fa ya yi," shi kuma ya amsa, "Alhaji, a yi haƙuri, sai Abalak." Ana isa kowa ya nemi buta, a yi sahu a gefen hanya, a ci tsire, a sha shayi, wata ta sayi cuku na tsaraba, aparanti ya zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraren amonsu. Rabin awa ke nan, ko fiye, ba wanda ya ce an ɓata masa lokaci. Rabin awan nan kuwa shi ne abin da na'urar caji mai sauri ke bukata don ta ɗaga batirin ƙaramar mota daga kusan ƙarewa zuwa kashi 80 cikin 100. Turawa na kashe kuɗi suna neman abin da zai ɗebe wa direba kewa yayin da yake jiran caji. Mu a nan salla da abinci sun riga sun cike gurbin.

Daga Abalak zuwa Agadas fa, a nan gizo ke saƙa. Kusan kilomita 270 ne, in ka cire Tamaya da mararrabar Ingal sai fili da ƙaya. Ko a zamanin esansi direban kirki ba ya barin Abalak sai ya cika tanki ya ƙara bido. Gidajen mai na hukuma ba su taɓa wadatar da hanyar ba, ko da aka kafa kamfanin mai na SONIDEP a 1977, ko bayan matatar Damagaram ta fara aiki a 2011. Waɗanda suka toshe giɓin su ne ƴan ruwa-ruwa, masu jera kwalabe a kan tebur, da mazurari da tsumman tacewa, man da ya tsallako daga Najeriya ta wajen Ƙonni lokacin da yake da arha can, kafin a cire tallafi a watan Mayu na 2023. A faɗi laifinsu yadda aka ga dama, amma ba wanda ya kai su sanin inda mota ke jin ƙishirwa. Ba su yi nazari ba, sun dai ga inda ake tsayawa ana tambaya sun kai tebur.

Lantarki ba ya shiga kwalba, wannan shi ne bambancin. Direban esansi na iya ɗaukar rijiyarsa a bido, mai batir kuwa ya koma halin madugu: abin da ya sha a zangon baya da shi zai isa na gaba. Kamfani zai rubuta cewa mota na cin kilomita 350 ko 400 da caji ɗaya. A wace hanya? Da mutum nawa? A watan Afrilu, zafi ya haura 40, na'urar sanyaya na aiki ba hutu, an cusa mutum shida da buhunan albasa, ga gudron ɗin da ya farfashe shekara da shekaru har motoci na sauka suna bin rairayi a gefensa, lissafin takarda ba ya aiki. Motar kuma da za ta iso mu, in an bi al'ada, ta hannu ce, batirinta ya riga ya sha jiki a wata ƙasa.

Ga kuma maganar inda wutar za ta fito. Na'ura ɗaya mai kilowat 150 tana jan abin da fanka 2,000 masu wat 75 za su ja in an kunna su tare. Tawa tana rataye ne a rukunin layin kamfanin lantarki na NIGELEC da ya haɗa Damagaram da Maraɗi da Malbaza, wanda ke samun wani kaso na wutarsa daga Katsina. Agadas da Arlit kuwa da gawayin kamfanin SONICHAR na Anu Araran suke rayuwa tun 1981. Tsakanin rukunan nan biyu babu babban layin da ya haɗa su, garuruwan Azawak da dama da injin gazuwal suka saba. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018. An aza harsashin tashar gawayi ta Salkadamna, nan arewa maso yamma da Tawa, tun 2014, mutanen Takanamat, inda wurin yake, sun ga baƙi da jawabai. A watan Agusta na 2023 kuma, da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulki, kowa ya ga abin da ke faruwa da gidan da fitilarsa ke hannun maƙwabci, sai a watan Maris na 2024 aka maido.

To ina za a kafa? A kudu abin bai da wuya. Ƙonni da Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, Malbaza da ke da wuta a ƙofar gida, Badagishiri mai kasuwa, sannan Tawa kanta, kusa da tashoshin kar, ba a harabar wani ofis da ake kullewa da la'asar ba. A arewa kuwa ni ban ga dalilin ƙirƙiro sabon wuri a tsakiyar daji don kawai awo ya ce an cika kilomita 60 ba. Na'urar da ba mai gadi, ba mai share mata ƙurar hunturu, ba mai shayi kusa da ita, ba za ta kai damina biyu ba. Tsaro ma ba abin wasa ba ne a yankin da ya ga harin da aka kai Tiliya a watan Maris na 2021. Ba wanda zai yarda ya zauna rabin awa a fili da dare yana kallon allon caji. Tabalak, Abalak, Tamaya, mararrabar Ingal: zangunan da aka gada su ne dai, kowane da farantan hasken rana da manyan batura na ajiya da injin ko-ta-kwana, kuma da bakin caji fiye da ɗaya. Amurkawa sun ce huɗu a kowace tasha. Makiyayin da ya taɓa kwana a layin rijiya mai itace ɗaya ba sai an yi masa bayanin dalili ba.

Kada a ce abin ya fi ƙarfin ƙauye. A Ostireliya, a wani masaukin direbobi da ake kira Caiguna cikin hamadar Nullarbor, inda layin wuta bai kai ba, a 2022 an kafa na'urar caji da injin da ke shan tsohon man suyar dankali daga kicin ɗin wurin. Da na ji haka sai na tuna da kaskon matan Tabalak, na yi dariya ni kaɗai.

Gaskiya dai mota mai lantarki ba ta zama abin gani yau da kullum a Tawa ba, kuma ina zaton babur da keke mai ƙafa uku za su riga ta, don ɗan kabu-kabu da ke zagaye tsakanin unguwannin Bilbis da Fakuwa da babbar kasuwa ranar Lahadi ba ya bukatar kilomita 270, batir ɗaya yake so a canja masa da azahar. Masu irin wannan sana'a ma tuni suna nan. Lokacin da wayar salula ta shigo ƙauyukan Kalfu da Barmu da Afala, wuta ba ta kai ba, wasu samari, da yawansu waɗanda suka dawo daga biɗa a Abijan ko Libiya da ɗan jari, suka sayi ƙaramin inji, daga baya faranti, suka kafa rumfa a tasha da bakin kasuwa. Allo ɗaya cike da soket, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya riƙe gutsuren kwali mai irin lambar, ya je ya gama cinikinsa ya dawo ya biya dala goma ko ashirin. Idan ranar ta zo da za a nemi wanda zai riƙe tashar Tamaya, a cikinsu zan ce a fara dubawa, su da ƴan ruwa-ruwan da cinikinsu ya ja baya tun da man Najeriya ya yi tsada.