Askin da Na Yi wa Kan Inji

Peugeot 504 bashe na gada a wurin mahaifina, haɗin Kaduna, inda kamfanin ya fara haɗa motoci tun 1975. Ta tsufa, amma ba ta taɓa kwana da mu a daji ba. Albasa take kwasa daga kwarin Majiya zuwa Madawa da Galmi, ranar kasuwa kuma ta ɗebi mutane zuwa Bouza. Laifinta ɗaya ne a idona: in ta zo hawa da kaya sai ta yi ta nishi, Hilux ta wuce mu, yaran da ke baya suna ɗaga mini hannu. Abin ya tsaya mini a rai.

A tasha na ji ana cewa in aka aske fuskar kilas, wato kan inji, mota na ƙara ƙarfi. Gaskiya ne kuwa. In aka rage kaurinsa, ɗakin da mai ke ƙonewa a ciki yakan ƙanƙance, matsi ya ƙaru, bugun fistan ya yi ƙarfi. Na je wa tsohon bakaniken da ya saba duba ta tun zamanin mahaifina da wannan sabon ilimi nawa. Ya ce, "Ɗana, an taɓa aske kilas ɗin nan lokacin da ya lanƙwashe. Abin da ya rage masa ba na wasa ba ne. Wanke lagireto ka sayi sabon murfi." Na ce, "To, Baba." A zuciyata kuwa na ce tsufa ya sa shi tsoro.

Na kwance kilas na kai Maradi, na samu mai injin aski. Shi ma ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ya yi aikinsa. Da na dawo, ban ko nemi makullin awon ɗauri ba. Na ɗaure kusoshin da ƙarfin damtse, daga wannan gefe zuwa wancan, alhali daga tsakiya ake farawa a yi waje. Na matsa wuta gaba don ta ƙara zafin nama. Mai kuwa na kwalba nake sha a bakin hanya. Lagireto yana nan yadda yake, cike da farin gishirin ruwan rijiya, murfinsa ɗaure da tsumma.

Mota ta tashi da ƙarfi, ni ma kaina ya kumbura. A kan hawa nakan ji wata ƙara siririya, ƙas-ƙas-ƙas, daga cikin inji. Na gaya wa yaron motata wai ƙarfi ne ke magana. Ashe mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, yana dukan kilas daga ciki.

Ranar da abin ya faru cikin watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, mun yi lodin albasa har sama za mu Keita. A tsakiyar hawan dutse allurar zafi ta shige ja. Na gan ta sarai, na ce bari mu kai sama tukuna. Da muka kai, tururi na fita ta ko'ina. Na kashe inji, na sa tsumma na buɗe murfi, na karɓi jarkar ruwan sanyi da muka ɗebo a rijiya, na tuttula. Yaron ya ce, "Maigida, a bari ta huce mana." Na ce albasa ba ta jiran kowa.

Washegari farin hayaƙi ya fara fita ta salansa, ruwa na kumfa a lagireto, baƙin mai ya koma fari-fari. Na ce jowan kilas, wato gasket, ne kawai ya ƙone, na koma wa Baba ina zagin masu sayar da jabun kaya.

Bai tanka ba. Ya kwance kilas, ya wanke, ya shafa masa kananzir, ya goge tas, sannan ya barbaɗa garin alli a tsakanin mazaunin supap biyu, wato bawul. Muka zauna. Can sai ga wani siririn layi yana jiƙewa a cikin farin allin, ya taso daga mazaunin supap na hayaƙi ya nufi ramin buji. Ya miƙo mini, ya ce, "Duba da kanka." Na duba, na sa farce na bi layin, na ji yana kamawa. Na laluba wanda zan ɗora wa laifi: mai aski ya tambaye ni, yaro ya gargaɗe ni, allura ta nuna mini, Baba ya riga kowa faɗa. Ba wanda ya rage sai mai riƙe da kilas.

Sannan ya yi mini bayanin da da na tsaya na ji tun farko. Gangar injin 504 baƙin ƙarfe ce, kanta kuwa alminiyam, wanda ke buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Wurin da ya fi sirantaka kuma ya fi shan wuta shi ne tsakanin supap. Na rage masa nama, na ƙara masa wuta, na hana shi sanyaya, sannan yana tsananin zafi na watsa masa ruwan sanyi, inda ruwan ya taɓa ya tsuke, sauran bai tsuke ba. Kofin shayi na gilashi ma haka yake tsagewa. Murfin da na raina kuwa, matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Garin neman gira na rasa ido: mota ta yi zaman garaji ana tsakiyar kakar albasa, kuɗin wani kilas na hannu ya cinye ribar shekara.

Na san kai ma akwai motar da ke wuce ka a hawa, kuma akwai mai ba ka dabara a tasha. Duk ƙarfin da ka ƙara wa tsohon inji zafi ne ka ƙara masa, don haka fara da lagireto, famfon ruwa da murfi. A auna kaurin kilas kafin a aske. In ka ji ƙas-ƙas, mayar da wuta baya. In allura ta taɓa ja, tsaya nan inda kake, ko da saura taku goma ka kai sama, ka bar jarka a ajiye sai inji ya huce har ka iya dafa shi da hannu.