Naman kaza da jemage: halittu biyu da suka gagari rabo

Idan damina ta zauna, wani ɗan tsiro mai hula yakan ɓullo a kurmi bisa ruɓaɓɓen ganye, kwana kaɗan ya shuɗe. Bahaushe bai yanka masa suna na kansa ba, aro ya yi masa: naman kaza, ko kuwa lemar kwaɗi. Jemage kuwa, mai kwana rataye a itatuwan Yamai, da magariba ya fita neman mangwaro da ɓaure, kalma guda gare shi, tasa ta kansa.

Abin da ya haɗa su shi ne wahalar da suka ba masu rarraba halitta. A tatsuniya, tsuntsaye sun kori jemage saboda haƙoransa, dabbobi sun ƙi shi saboda fukafukai. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linne, a 1758 ya ajiye shi sahu ɗaya da birai da mutane. Naman kaza ma ya daɗe cikin tsirrai, sai a 1969 Whittaker ya ware wa danginsa rukuni na daban. Daga baya bincike ya nuna sun fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai. Ashe wanda ya fara kiran sa nama bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake taushinsa a baki ya duba.

Sai dai sunan na da haɗari. Kalma ɗaya ta rufe mai ciyuwa da mai dafin da ke lalata hanta, kuma yaron da ya ji an ce nama ba zai tsaya tambayar wanne ne ba.