Kaani, Zoy Zoy ko Tantabara: Da Wane Faifan Tal National Ya Kamata a Fara?

Masu sha'awar kiɗan Tal National a garinmu Malanville sun kasu gida uku, daidai da yawan fayafayan da ƙungiyar ta fitar a kasuwar duniya. Akwai 'yan Kaani, akwai 'yan Zoy Zoy, akwai kuma 'yan Tantabara, kowane ɓangare yana ganin nasa ne gwani na gwanaye. Ni ina cikin na farko. Da yake ɗaliban Hausa sukan tambayi wane kiɗan zamani za su saurara domin kunnensu ya saba da harshen, na ga ya dace in bayyana hujjata, in kuma ba sauran ɓangarorin haƙƙinsu.

Tal National ƙungiyar makaɗa ce ta birnin Yamai. Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a shekarar 2000. Makaɗin jita ne, ya kuma yi aikin alƙalanci. Mawaƙanta sun fito daga ƙabilu daban-daban na Nijar, suna rera waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, harshen Abzinawa. Kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, sannan Tantabara a 2018. A Yamai aka naɗi dukkansu, tare da wani mai naɗar sauti daga Chicago da ake kira Jamie Carter.

Mu mutanen Malanville ba mu ɗauke su baƙi ba. Gada ɗaya ce tsakaninmu da Gaya, kuma yawancin harsunan da suke waƙa da su ana cinikin albasa da shinkafa da su a kasuwarmu. Direbobin manyan motoci masu bin hanyar Kwatano zuwa Yamai su suka riƙa kawo mana waƙoƙinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar, motoci suka yi dogon layi, jama'a suka koma tsallaka kogi da kwalekwale. Waƙoƙin kam ba su tsaya ba, suna ta yawo daga waya zuwa waya, gardama a kansu kuma tana nan da ranta a duk fadar da matasa ke dafa shayi.

'Yan Tantabara su suka fi kowa ɗaga murya. Akasarinsu samari ne da suka yi karatu a Parakou ko Kwatano, suka dawo da son kiɗan da Turawa ke kira metal, wato ƙarfe, musamman reshensa mai sarƙaƙiya, inda waƙa kan yi tsawo, awon kiɗa kuma ya yi ta sauyawa. Ma'auninsu shi ne ƙungiyar Dream Theater ta Amurka, wadda ɗaliban makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston suka kafa a 1985. A faifanta na 1999 akwai wani kiɗa marar waƙa da awonsa ke sauyawa fiye da sau ɗari, kuma wannan ne abin alfaharinsu. Da suka ji Tantabara, da irin gudun da yake yi, da yadda jita ke ƙara kamar za ta tsage, sai suka ce ga namu Dream Theater ɗin. Sukan kafa hujja da waƙar "Entente", wadda makaɗin jita Yonatan Gat ya sa hannu a cikinta.

Ban musa cewa Tantabara ya fi sauran zafi ba. Inda na rabu da su shi ne ma'aunin. Sarƙaƙiyar Dream Theater a kan takarda ake tsara ta, a ƙirga bugu, a haddace. Mai sauraro yakan zauna ne yana mamakin gwanintar makaɗa. Ta Tal National kuwa a filin rawa aka haife ta. Ƙungiya ce da ta saba kwana tana wasa a bukukuwan aure da wuraren shaƙatawa na Yamai, wasan da kan kai sa'o'i biyar, makaɗa suna karɓeɓeniya idan wani ya gaji. Wanda zai riƙe 'yan rawa tsawon wannan lokaci dole ya san lokacin da zai juya kiɗa, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Abin da samarinmu ke ji kamar lissafi mai wuya, wato bugu uku yana tafiya a kan bugu biyu, kalangu yana ratsa tsakaninsu, tsohuwar da ta taɓa rawa a gidan biki ta san shi da ƙafarta ba tare da ta ƙirga komai ba. Abin da ke damuna shi ne a ce sai kiɗanmu ya yi kama da na Boston kafin mu yarda yana da zurfi. Mai auna kalangu da wannan ma'auni zai yaba wa gudunsa, ya rasa maganar da yake yi.

'Yan Zoy Zoy ba ruwansu da dogon bayani. Yawancinsu 'yan kabu-kabu ne da masu ɗinki, waɗanda ke son kiɗan da zai ɗebe musu gajiya. A ganinsu Zoy Zoy ne tsaka-tsaki: ya fi Kaani sauri, bai kai Tantabara hayaniya ba. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, kuma da a ce biki zan shirya, shi zan sa. Akwai kuma wasu dattawa ƙalilan da ke yi wa ɓangarorin uku dariya, suna cewa ainihin Tal National tana cikin A-Na Waya, faifan da ya baza sunansu a Nijar tun Turai ba ta san da su ba.

Ni dai Kaani na zaɓa, kuma sunansa ma kalmar Zabarmanci ce mai nufin daɗi. A cikinsa kowane abin kiɗa yana da wurin tsayuwarsa. Ana jin jita biyu suna zance da juna, ana jin kalangu a fili, muryar mawaƙi kuma tana saman kiɗan, amshi yana biye da ita. Duk dabarun da ake yabo a Tantabara suna nan, sai dai an shimfiɗa su yadda kunne zai iya bin sawunsu. Wanda ya fara da Tantabara zai ji guguwa, ya ɗauka gudun ne kaɗai gwanintar. Wanda ya fara da Kaani zai isa Tantabara ya riga ya san zaren da aka saƙa, saboda haka sauri ba zai ɓatar da shi ba.

Ga ɗalibin Hausa akwai ƙarin riba, tare da abubuwa uku da ya kamata ya kiyaye. Na farko, ba kowace waƙa ce ta Hausa ba, don haka kada ya tuhumi kunnensa idan ya kasa gane komai. Wataƙila Zabarmanci yake ji. Na biyu, Hausar yammacin Nijar ta sha bamban da ta Kano wadda aka fi koyarwa: a can, har ma a kasuwarmu, za a ji "tahi" a maimakon "tafi", "biyat" a maimakon "biyar", "shina" a maimakon "yana". Na uku, wasu sunayen waƙoƙin an rubuta su da ƙa'idar Faransanci. "Saraounia" da ke cikin Zoy Zoy ita ce "sarauniya", sunan da ke tuna wa mutumin Nijar Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yaƙi sojojin Faransa a 1899. "Sarkin Fada" a Kaani da "Duniya" a Tantabara kuwa ba su buƙatar fassara. Ita ma tantabara kalmar Hausa ce, tsuntsuwar gida da kan tashi ta yi shawagi ta dawo.

Shawarata ita ce a bi su yadda suka fito. A ba Kaani mako guda, a saurari kowace waƙa sau uku: da fari a bi kalangu kaɗai, sannan a bi amshi, a ƙarshe a ɗauki alƙalami a rubuta duk kalmar Hausar da kunne ya cafke. Bayan haka a wuce Zoy Zoy, a ajiye alƙalami a tashi tsaye. Tantabara ya zo daga ƙarshe, a kuma ƙure masa murya, in maƙwabta sun yarda.