Burgamin Baba

Mai karatu, ka yi mini afuwa, wannan makon babu ci gaban labarinmu. Raina ne a jagule.

Mahaifinmu maharbi ne. Da ya rasu aka raba 'yan komatsansa, autanmu ya ce burgamin kawai yake so, wata tsohuwar jakar fatar akuya da Baba ya ɗaure bakinta da robar tayar keke. Da ita ya tafi Amurka, jihar Minesota, inda shi ma jini ya motsa, duk watan Nuwamba sai ya bi abokan aikinsa farautar barewa.

To su can ba toka suke watsawa su ga inda iska ta nufa kamar Baba ba. Barewa hanci gare ta, don haka suna da wata na'ura mai fitar da iskar ozon, a zuge kaya cikin jaka tare da ita, ta kashe warin gumi. Ita ozon ɗin iskar oksijin ce mai ƙwaya 3 maimakon 2, ƙwayar ta ukun ce ke kama duk abin da ta tarar ta lalata shi. Irin ƙaurin nan ne da ake ji wani lokaci bayan tsawa. Ashe ba wari kaɗai take ci ba, babbar abokiyar gabarta roba ce, musamman wadda ke a miƙe. Shaƙarta ma cutar da huhu take yi.

Shekaranjiya da daddare ya kira ni, muryarsa wata iri.

"Yaya, na yi ɓarna."

Gabana ya faɗi. Ya ce tun farkon kaka yake barin na'urar ta kwana a kunne, maimakon 'yan mintocin da aka rubuta. Takalmin robarsa ya tsattsage daidai inda yake lanƙwasawa, robar ƙugun wandonsa ta saki. Na ce to wannan ai kuɗi ne, a sayi wasu.

Ya yi shiru. Can ya ce har da burgamin ya saka. Robar da Baba ya ɗaura da hannunsa ta gutsuttsure.

"Ba ma ita ba ce, Yaya. Na buɗe na sansana, babu komai."

Ni na san abin da yake nufi: hayaƙi, taba, da ɗan ƙarnin daji, wanda ko a duhu Baba ya shigo zaure mun san shi ne. Na buɗe baki zan yi masa faɗa, sai na ji yana jan hanci. Na ce ya ajiye gutsattsarin robar, kada ya zubar.