Yadda 'yan mata ke zaɓen ƙungiyar zumunci a jami'o'in Amurka

Duk watan Agusta, kafin a koma aji a Jami'ar Alabama, 'yan mata fiye da 2,000 kan yi ta zirga-zirga cikin zafin rana, su fita wannan gida su faɗa wancan. Gidajen na ƙungiyoyin zumuncin ɗalibai mata ne da ake kira sororiti, masu sunaye da haruffan Girkanci. Kada mai karatu a Najeriya ya haɗa su da ƙungiyoyin asirin da suka addabi jami'o'inmu. Su sororiti a fili suke, da sanin hukumar makaranta, duk da cewa su ma suna da rantsuwa da al'adun da ba a faɗa wa bare.

Abin ya daɗe. Ƙungiya ta farko ta kafu ne a 1851 a kwalejin mata ta Wesleyan da ke Jojiya, kuma yau akwai manya 26 a ƙarƙashin inuwa ɗaya da aka kafa a 1902.

Kusan mako guda ake yi ana tankaɗe da rairaya. Yarinya za ta zaga gidajen, a yi hira, a nuna mata aikin taimakon da kowanne ya sa a gaba. Delta Gamma tana hidimar makafi, Zeta Tau Alpha tana yaƙi da sankarar mama, Tri Delta kuma tana tara wa asibitin yara na St. Jude kuɗi. Kullum ana rage jerin, ita tana zaɓe, su ma suna zaɓe, har ranar da za a miƙa mata ambulan ɗauke da sunan gidan da ya karɓe ta.

Shawarar da ake ba su ita ce kowa ta bi abin da ya dace da ɗabi'unta, kada ta bi suna ko kyan gini. Magana ce mai kyau, amma a ganina rabinta aka faɗa. Kuɗin zama mamba a manyan jami'o'in kudu kan kai dubban daloli a shekara, ban da tufafi. Wadda mahaifiyarta ta taɓa zama 'yar gidan kuma ta daɗe tana samun fifiko, ko da yake wasu sun soke wannan. A 2013 ma jaridar ɗaliban Alabama ta fallasa yadda ake hana baƙaƙen fata shiga, sai da hukumar jami'ar ta sa baki.

Shi ya sa tarihin ƙungiya ya fi hirar mako guda nuna halinta. Waɗanda aka rufe wa ƙofa sun buɗe tasu. Baƙaƙen fata sun kafa Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris take ciki. A can ne kuma aka kafa Delta Sigma Theta a 1913, kuma cikin watanni biyu mambobinta suka shiga zanga-zangar neman 'yancin zaɓe ga mata a Washington. Yahudawa sun kafa tasu a 1909.

Musulmi ma sun bi sahu a 2005 da Gamma Gamma Chi, domin ɗalibar da ke son 'yan'uwa da aikin al'umma amma ba ta son giya da cakuɗuwa da maza a wuraren casu.